Zauren da Ke Neman Baƙo

Duk wanda ya yi wa tarihin ɗan Adam karatun natsuwa zai tarar cewa ba tarihin sarakuna ba ne, ba kuma na yaƙe-yaƙe ba. Tarihin yoyo ne. Tun ranar da mutum ya fara ɗora rufi a kansa ruwan sama ke neman hanyar shiga, shi kuma yana neman hanyar toshewa. Duk abin da muke kira wayewa, daga dalar Masar har zuwa robar da matata ke tarawa a tsakiyar falo, babi-babi ne na wannan rigima guda. Al'ummar da ta daina hawa soro kafin damina ta gama yawo, ko da kuwa tana da jami'a.

Na kawo wannan ne domin tun da na dawo daga Zamfara 'yan majalisarmu ta Tudun Wada suka hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce me na je yi, wancan ya ce wai da gaske ne na kwana a ɗakin ƙasa, wani kuma abin da ya dame shi kawai ko na ga 'yan bindiga. Ban gan su ba, ban kuma nemi ganinsu ba. Ga abin da na gani, in rubuta sau ɗaya in huta.

Malam Sa'idu ne ya jawo tafiyar. Abokina ne tun muna kwalejin horon malamai, ya yi ritaya kamar ni, yana zaune a Damba cikin Gusau. Ya kira ni a ƙarshen bazara ya ce gwaggonsa, Inna Hajara, tana cikin damuwa a Bunguɗu. Mahaifinta ya bar wani tsohon zaure na ƙasa a ƙofar gidansu. Ɗan wanta, Alhaji Mamman, wanda shi ne maigidan yanzu, ya riga ya sauke bulo da siminti, zai rushe zauren ya yi shaguna. Ita kuwa ta tara gayya an yi wa zauren gyara, ta ce ba za a taɓa shi ba tana numfashi.

"Tana son wani masani daga nesa ya zo ya gani, ya yi wa mutanen gidan bayani," in ji Sa'idu.

Na ce ai Gusau ba ta rasa masana ba.

"Akwai su. Amma kai take so."

Ban tambayi inda ta san ni ba. Wanda ya tsufa yana koyar da tarihi ba ya mamakin jin sunansa ya kai Bunguɗu. Na kwashe kwanaki ina shirya jawabi.

Daga Zariya zuwa Funtuwa ba abin faɗi. A Funtuwa ne na fara koyon dokar hanyar, wadda ba a rubuta ta ko'ina ba amma kowa ya haddace: ba a tashi sai rana ta ɗaga, ba a kuma yarda la'asar ta yi sanyi mutum na kan titi. Ɗan kamasho ya dube ni ya ce a ba Malam gidan gaba. Na ji daɗin girmamawar, sai da na gane cewa gidan gaba na mutum biyu ne da giya, kuma giyar a ɓangarena take. Abokin zamana wani ɗan kasuwar hatsi ne mai faɗin kafaɗa. Duk sanda direba zai canja giya sai ya ce, "Malam, ƙahwarka," har na fara ɗagawa tun kafin ya faɗa.

Iyakar Katsina da Zamfara ba a tambayar fasfo, amma mutum zai san ya iso. Da muka wuce 'Yankara direba ya kashe waƙa, hira ta mutu, carbi ya fito daga aljihunan da ban zaci akwai shi ba. Ɗan kasuwar hatsi ya matso kunnena.

"Malam, ka tuɓe tabaran ga da hular ga. Ka yi kama da babban ma'aikaci."

Shekara da shekaru ina aikin gwamnati ba wanda ya taɓa yi mini zaton dukiya sai ranar. Na tuɓe, amma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Haka na shiga jihar Zamfara, kai ba hula, ido na ganin dishi-dishi. Saboda haka masu tambayata yanayin ƙasar su yi haƙuri, sai a Tsafe na fara ganinta.

A tashar Tsafe Sa'idu ya tarye ni. Ya ce kafin mu kai ga zauren gwaggonsa yana so in ga cewa ba ita kaɗai ke wannan hauka ba. Ya kai ni wani tsohon sito inda a da ake awon auduga. An daɗe da barinsa ga jemagu, sai samarin unguwar suka share shi suka mai da shi aji, domin 'ya'yan mutanen da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka. Jagoransu wani matashin malamin makaranta ne, Malam Nasiru, mai yawan dariya. Ya nuna mini wani gefen bango da launinsa ya bambanta da saura.

"Nan ne munka yi wauta, Baba. Shekarar hwarko munka ce mu yi mishi gata, munka shahe shi da siminti tun daga sama har ƙasa. Kowa na zuwa yana yaba muna."

"Sai me ya faru?"

"Sai ruwa yas shiga ta baya, bai samu hanyar hita ba. Bangon ƙasa numhwashi yakai, mu kuma munka toshe mai hanci. Wata sahiya simintin yab ɓallo gaba ɗai, yat tahi da rabin bangon. Allah ya sa ranar babu karatu."

Ba su yi zuciya ba. Suka koma wurin tsofaffi suka tambayi yadda ake yi, suka kwaɓa ƙasa da ciyawa suka bar ta ta kwana ta ruɓa, suka sake yaɓe, sa'an nan suka bi shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Na tsaya ina sauraron yara na bitar karatu, muryarsu na dawowa daga rufin, cikin wani sanyi da fanka ba ta bayarwa. Abin ya taɓa ni har na jingina da bango. Makubar ba ta gama bushewa ba. Farar rigata ta fito da taswirar wata ƙasa a baya, wadda har yau mai wanki bai ci ta da yaƙi ba.

Mun ratsa ta 'Yandoto, garin da na yi shekaru ina rubuta sunansa a allo ina gaya wa ɗalibai cewa matattarar malamai ce tun zamanin da. Na tarar da gonaki ana shara, da wani dogon tudu. Wani manomi ya ɗago daga aikinsa ya gaishe mu, ya ce in tarihi muka zo gani to ga shi nan, shi ne iyakar gonarsa. Ya ce shi dai ba ya sa masa garma, ba ya kuma barin masu gini su ɗebi ƙasarsa, don shi ma haka ya tarar ubansa na yi. Na so in tsaya in yi masa ƙarin bayani a kan abin da yake tsaro, amma Sa'idu ya dubi rana ya ja hannuna.

A Damba matar Sa'idu ta tarye ni da hoce, wani gasasshen tuwon dawa da ake gutsura ana ci da miya. Mu a Zariya tuwo sai ya yi laushi har ya ba mutum haƙuri. Hoce ba ya ba kowa haƙuri, shi ake ba. Amma in ka ci shi da safe ba ka ƙara tuna abinci sai dare, kuma na ga alamar halin mutanen wurin ke nan: ba su da saurin narkewa.

Washegari muka zaga tsofaffin sito-sito na kusa da hanyar jirgin ƙasa. Wani an zuba teloli a ciki, kekuna na ta ruri. Wani kuma wani dattijo ne ya saya yana ajiye hatsi, ya sake rufi, ya gyara daɓe, amma ya ƙi sake ƙofar, wata ƙatuwar ƙofa ta katako da sai mutum biyu ke turawa. Ya ce ya nemi irinta a duk kasuwa bai samu ba, kuma ba ya fid da abin da ba zai iya mayarwa ba. Sai na tuna garinmu. Mu da muke taƙama da gine-ginen kakanni, mun fi kowa iya rushe soro mu sa hotonsa a kalanda.

A motar Bunguɗu ne Sa'idu ya gaya mini asalin rigimar. Kakansu bai bar zauren cikin gado ba. Ya bar shi sadaka ga matafiya, da sharaɗin ba mai raba shi muddin baƙi na sauka a ciki. A da fatake ne, daga baya 'yan cirani da direbobi. To tun da hanya ta lalace baƙi suka ɗauke ƙafa, aka yi shekaru ba wanda ya kwana a ciki sai awaki. Hujjar Alhaji Mamman ke nan. An kai magana wurin limamin unguwa, ya yanke cewa in damina ta kankama ba baƙon da ya sauka, to sadakar ta ƙare aikinta, Alhaji ya yi gininsa.

Na yi maza na ce kada a sa ni a lissafi. Maganin hawan jinina na Damba, matashin kaina na Damba, kuma ni ba na iya barci a baƙon wuri.

"Kwantar da hankalinka," in ji Sa'idu. "Ko ka so ba ka shiga. Liman ya ce baƙon gayyata ba ya cikin sharaɗi. Sai wanda yamma ta riska, ba shi da niyyar kwana, ba shi kuma da hanyar wucewa."

Hankalina ya kwanta.

Zauren ya fi ƙarfin jawabin da na shirya masa. Daga waje ba wani girma, sai zankwaye a kusurwa da sabon indararo. Amma da ka sunkuya ka shiga sai rufin ya tashi sama a kan bakan gizo, layukan ƙasa masu lanƙwasa da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, azara a jere a tsakaninsu kamar saƙar tabarma. An canja wadda gara ta ci, an bar wadda hayaƙi ya baƙanta. A kan sabon yaɓen ana ganin sawun yatsu, manya da ƙanana. Sa'idu ya ce matan gidan ne suka yi ta jido ruwa, magina na unguwa suka ba da kwanakinsu, ita kuma Inna ta sayar da tumakinta aka sayi azara. A gefen ƙofa ga bulon Alhaji a jibge, da buhunan siminti, suna jiran ranarsu.

Inna Hajara ba ta shigo zaure ba, don ba wurin zaman mata ba ne in maza sun taru. Ta zauna a bayan ƙofar cikin gida, asabari a tsakaninmu, sai murya. Mun iso da hantsi, amma gaisuwa kaɗai ta kai mu wani lokaci. Ta tambayi Zariya unguwa-unguwa. Aka kawo ruwa, aka kawo fura, aka ce tuwo na tafe. Tuwon bai iso ba sai bayan azahar. Na ce wa Sa'idu ya kamata in fara, don motar ƙarshe da la'asar take tashi. Ya ce ai liman bai iso ba.

Da aka hallara, Alhaji Mamman ya nemi ya fara magana. Ba mugun mutum ba ne, kuma ina so 'yan majalisa su ji wannan da kyau.

"Malam, ni ban ƙi kakana ba. Amma ɗiyana sun ƙare makaranta suna zaune, ba aiki. Kana ganin abin da zaman banza ka jawowa ƙasag ga. In na yi shaguna sun samu abin riƙo. Bango ba ya ciyar da kowa."

"Ya ciyar, Mamman," in ji murya daga bayan asabari. "Ni nika bin babana da ruwa in ya kawo akushi nan, ina yarinya. Ban san Kano ba, ban san Agadas ba, amma duk sun kwana gidanmu."

Sai liman ya ce bismilla, Malam.

Na miƙe na fara daga farko, wato daga yoyo. Na yi niyyar taƙaitawa, Allah ya sani. Amma ban taɓa samun aji irin wannan ba. Duk inda na kai aya sai muryar ta taso.

"Malam, su mutanen Masar ɗin ga, da mi sunka yi nasu yaɓe?"

Na yi bayani.

"Allah shi ƙara sani. To su Tambutu hwa?"

Na je Tambutu, na biyo ta Agadas, na sauka Katsina. Aka kira la'asar muka yi salla muka dawo, don ta ce ba ta gane bambancin tubali da bulo ba. Matar da ta sayar da tumakinta ta gyara zaure! Amma malami ba ya ƙin tambaya. Ina cikin zana bakan gizo a ƙasa da tsinke, sai Alhaji Mamman ya dubi agogonsa, ya dubi asabari, ya miƙe zumbur.

"Inna! Na gane ki! Wallahi na gane ki!"

"Mi niy yi, Mamman? Karatu nikai."

Sai a lokacin na leƙa waje. Rana ta yi ja, gabas ta haɗa baƙin hadari. Aka tura tasha, aka dawo aka ce motar ƙarshe ta daɗe da tashi. Na nemi Sa'idu da ido, na same shi yana nazarin rufi kamar yau ya fara ganinsa.

Alhaji ya ce shi zai kai ni Gusau da motarsa, yanzu-yanzu.

"Alhaji," in ji liman, "kai da ba ka bari ɗiyanka su bi hanyag ga bayan la'asar, za ka ɗauki baƙo tsoho ka bi ta da hadari?"

"To ai wanga baƙon shiri ne, Malam! Kirawo shi anka yi!"

"An kirawo shi magana, ba kwana ba." Liman ya juyo gare ni. "Malam, tsakaninka da Allah, da niyyar kwana ka taho?"

Na rantse iyakar rantsuwata. Na ce maganina na Damba, ba ni da ko rigar canji, ga ma wadda ke jikina da tabon makuba, kuma in da hali ko a bayan babur ne a mai da ni. Ban taɓa ba da shaida mai ƙarfi irin wannan ba, kuma ban san shaida nake bayarwa ba.

"Kun ji," in ji liman. "Yamma ta riske shi, ba shi da niyya, ba shi da hanya. In wanga ba baƙon zauren ga ba ne, to ban san wa marigayi ka nuhi ba."

Liman bai rufe baki ba ruwa ya sauko, ruwan farko mai ƙarfi na shekarar. Duk wanda ke zauren ya ɗaga kai. Alhaji ya kunna fitilar wayarsa ya bi rufin azara-azara, kusurwa-kusurwa, mu kuma muna bin hasken da ido. Ko ɗigo. Ruwan duk ya tattaru ya bi indararo, indararon kuwa ya saita bakinsa daidai kan buhunan siminti. Alhaji ya yi salati ya ruga waje da tabarma a ka, liman na dariya har da riƙe ciki.

Al'adar gidan ita ce maigida da kansa ke kai wa baƙon zaure abinci, ba a aike. Bayan magariba sai ga Alhaji Mamman ya shigo, riga a jiƙe, akushi a hannu. Ya durƙusa ya ajiye a gabana, ya buɗe, ya ce, "Malam, sannu da zuwa gidanmu." Ya ɗaga kai ya dubi rufin. "Ina yaro na ga babana na yin haka. Ban zaci zai zo kaina ba." Ya aika aka samo mini irin maganina a wani kantin magani, ya kawo bargonsa. Na yi barcin da rabona da irinsa tun ina saurayi.

Labarin da ya biyo ni Zariya shi ne, zance ya kai tasha cewa zauren gidan marigayi ya buɗe. Yanzu direban da yamma ta riska a Bunguɗu ya san inda zai nufa. Tsoron hanyar da ya kore baƙi shi ne ya dawo da su. Bulon Alhaji an yi wa baƙi makewayi da shi, sauran ya ja ɗan shago a gefe, inda 'ya'yansa ke sayar wa masu sauka shayi da cajin waya. Ba shagunan da ya so ba ne, amma an ce ba a zaune suke ba.

Ga masu tambaya, abin da na gano ke nan. Daga Tsafe har Bunguɗu ban ga wanda ya jira gwamnati ko baƙon Bature ba, ban kuma ga wanda ya gyara gini don a zo a ɗauki hoto ba. Kowa sai da ya nema wa tsohon gini aikin yi, don sun gane ginin ƙasa ba ruwa ke kashe shi ba, rashin mutane ne. Sun cancanci yabo, kuma na yaba.

Da safe, kafin Alhaji ya yi mini rakiya tasha, na tsaya a bakin asabari na yi wa Inna Hajara sallama. Na ce akwai abin da nake so in sani. A ina ta ji labarina, har ta tsallake duk masanan Gusau ta aika Zariya?

"Wallahi Malam ban taɓa jin sunanka ba," in ji ta. "Ni dai na ce ma Sa'idu shi samo man malamin da in ya hwara magana ba ya ƙarewa."

Sa'idu ya ce bai yi dogon tunani ba.